Yadda Genzo Ya Kai Tokie Ajin 'Yan Koyo

Yayana Genzo Kuramochi ya girme ni da shekara bakwai. A garin Uwajima na ƙasar Japan aka haife mu, a unguwar masunta da ke bayan kasuwar kifi. Yana ɗan shekara sha biyar ya bar makaranta ya shiga jirgin kamun kifi na kawunmu, kuma malamansa ba su yi kewarsa ba, don ko sunansa ya rubuta sai an tambaye shi abin da ya rubuta. Shekara goma sha biyu ya yi a teku, har ranar da igiyar koma ta naɗe masa ƙafa ta farfasa gwiwar. Ya dawo tudu yana ɗingishi, ya kama wani ɗan shago mai kujera tara, ya fara dafa wa tsofaffin abokan aikinsa shinkafa da kifi da miyar miso, wadda ake yi da daddawar waken soya.

Matarsa Tokie ba 'yar garinmu ba ce. Daga Kumano take, can ƙetaren teku ta wajen Hiroshima, garin masu yin alƙaluman gashi na rubutu da tawada. Mahaifinta yakan zo sau biyu a shekara yana kai wa makarantu kaya. Wata shekara ciwon baya ya matsa masa, ya taho da ita tana ɗaukar masa akwati. Suka shiga shagon Yaya cin abinci. Ta ɗaga kai ta dubi takardun sunayen abinci da ya manna a bango, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wancan na ukun abinci ne ko zagi?" Ta buɗe akwatin ubanta, ta sake rubuta masa su duka kafin miyarta ta huce. Shekara na zagayowa aka yi bikinsu.

Daga nan kullum da safe shi yana gyara kifi, ita tana niƙa tawada a ƙarshen teburi. Duk kifin da ya samo a kasuwa ranar, sai ta rubuta sunansa a doguwar takarda ta manna. Mutanen unguwa suka gane hannunta. In an yi haihuwa ita ke rubuta sunan jariri a rataya a ɗaki, in an yi rasuwa ita ke rubuta bayan ambulan ɗin gaisuwa. Ran Asabar yaran maƙwabta sukan taru a bene ta koya musu. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya ta ishe ka kwana biyu. Yaya kuwa surutu gare shi kamar injin jirgi. Ɗa ɗaya suka haifa, Naoyuki, wanda ya girma ya tafi Osaka aiki.

Shekara biyar da suka wuce wani mai cin abinci ya nuna bango ya ce, "Maigida, yau kifi ɗaya ne kawai a teku?" Yaya ya duba. Takarda shida ta manna, duk sunan kifi guda. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Bayan 'yan watanni ta tsaya da alƙalami a sama, ta tambaye shi yadda ake rubuta sunan garinmu. Ranar nan ta wanke alƙalumanta ta naɗe su, ta sa a akwati, ba ta ƙara buɗewa ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ta yi.

Yaya ya rufe shago ya koma jinya. Shi ke yi mata wanka, shi ke taje mata kai, shi ke ba ta abinci a baki in ta manta abin da ake yi da cokali. Ni Fusae ina zuwa kullum da hantsi in taya shi, don mijina ya rasu, gonar lemonmu kuma na bar wa suruki. A idona ta daina kiran sunansa. Ta koma ce masa "Malam", tana sunkuyar da kai tana yi masa godiya kamar baƙo. Da la'asar sai ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa.

"Ina za ki, Tokie?"

"Gida. Baba na jira na, ba a gama tsefe gashin alƙaluman ba."

Mahaifin nata ya fi shekara talatin a ƙasa.

Sau biyu tana ɓacewa. Na biyun a tashar mota aka same ta da takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar motar Kumano. Sai kuma ranar da Yaya ya shiga bayi, ta ɗora butar lantarki ta roba a kan murhun gas ta kunna. Kafin ya fito labule ya kama. Ya kashe wutar da hannunsa da tawul, tafin hannun ya sale.

Naoyuki ya zo a ƙarshen makon. Yaron kirki ne, kada a ce na ce ba haka ba. Ya riga ya samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu, bayan ya yi wata takwas yana jiran layi ba tare da ya gaya wa uban ba. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ranar ashirin ga wata za su karɓe ta."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Dubi hannunka. In da ka ƙara minti biyu a bayi fa?"

"Uwarka tana nan. Tana ciki, ni na sani. Kai da kake ganinta sau biyu a shekara me ka sani?"

"Baba, ɗazu ta tambaye ni ko ni ne mai karanta mitar ruwa."

Yaya ya tashi ya fita tsakar gida. Naoyuki ya juyo gare ni, idonsa ja. "Gwaggo, ki yi masa magana. Ke yake ji."

Ba ya jin kowa, amma na ce to.

Saura kwana tara Yaya ya kira ni. Na same shi da wata tsohuwar takardar talla ta masu yawon buɗe ido, duk ta yamutse. A Kumano, in ji takardar, akwai wani shagon alƙaluma da ke koya wa matafiya rubutu, aji na awa ɗaya, ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya shiga.

"Likita ya ce hannu ya fi kai riƙe abu," in ji shi. "Na gwada a nan gida, na ajiye mata alƙalami, ta ture. Amma a can garinsu, ga ƙanshin tawada, ga malama a gaba, ga 'yan koyo suna zaune kamar lokacin da take yarinya. Za ta rubuta, Fusae. Harafi ɗaya kawai nake so. In kawo wa wancan yaron in sa masa a gaban hanci."

"Yaya, jirgin ƙasa ne fa, da jirgin ruwa, da mota. Matar da ba ta iya zuwa kantin bakin titi?"

"Shi ya sa na kira ki."

"In ta rubuta ɗin ma, sai me? Gas ɗin zai daina kamawa?"

Ya dube ni. Tun mutuwar mahaifiyarmu ban ga fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ki taimake ni. Ban da wata dabara bayan wannan."

Muka kama hanya da sassafe ranar Talata, ba mu gaya wa Naoyuki ba. A jirgin ƙasa zuwa Matsuyama lafiya lau, ta ci ƙosan kifi biyu tana kallon gonaki. A jirgin ruwa ne abin ya ɓaci. Da ta ga ƙasa na nisa sai ta miƙe tana ihu wai an sace ta. Ta riƙe rigar wani ma'aikaci tana nuna Yaya tana cewa, "Ban san wannan mutumin ba, ku kira 'yan sanda." Mutane suka juyo. Yaya ya tsaya da jakarta a hannu yana sunkuyawa hagu da dama yana ba da haƙuri, yana cewa matata ce, ba ta da lafiya, matata ce. Na ja ta zuwa bayin mata, na tarar ta jiƙa kanta. Na sauya mata kaya, na wanke mata fuska. Da muka fito yana nan tsaye a bakin ƙofa inda muka bar shi.

"In jirgin ya tsaya a Kure mu juya gida," na ce masa.

"Mun kusa," ya ce.

Bayan azahar muka sauka a Kumano. Ya ce mu fara bi ta layinsu, ko za ta gane. Inda gidan mahaifinta yake an rushe an yi wurin ajiye motoci. Ya tsayar da ita a gaban wurin yana nunawa. "Ga gidanku nan, Tokie. A nan bishiyar kaki take, mai 'ya'yan zaƙin nan. Kin tuna? A nan na durƙusa wa Baba na nemi aurenki." Ta kalli motocin, ta kalle shi, ta ce tana jin sanyi.

Shagon alƙaluman ƙarami ne, ajin kuma wani ɗaki ne a baya mai shimfiɗar tabarma da gajerun tebura shida. Malamar, Shirahama sunanta, ba za ta wuce shekara arba'in ba. Akwai wasu 'yan mata biyu Turawa da suka riga mu zama, suna ɗaukar komai hoto. Yaya ya ja Malama gefe ya zayyana mata komai a tsaye, da sauri, har da abin da ba ta tambaya ba. Ya gaya mata sunan surukinsa. Ta ce ba ta san shi ba, amma kakarta wataƙila ta sani. Ta ce, "Baba, ku zauna ku uku. Sai dai ban yi maka alkawarin komai ba."

Aka ɗaura mana atamfar kare kaya, aka ba kowa dutsen niƙa da curin tawada. Malama ta ce a ɗiga ruwa kaɗan a goga a hankali. Ƙanshin ya tashi ya cika ɗakin. Na ga Tokie ta ɗaga kai ta shaƙa, hancinta ya motsa. Yaya ya damƙi hannuna ta ƙarƙashin tebur har ya yi mini zafi.

Malama ta nuna harafin farko, harafin "ɗaya", layi guda ne a kwance. A sauke alƙalami, a ja, a tsaya, a ɗaga. Turawan suka yi nasu suna ƙyalƙyala dariya. Aka sa wa Tokie alƙalami a hannu. Ta jujjuya shi. Ta shafa gashin a kumatunta. Sannan ta dunƙule hannu a kansa kamar mai riƙe muciya, ta tsoma cikin tawada har rabin sandar, ta kai baki.

Na fizge kafin ta lasa. Yaya ya karɓa ya mayar mata, ya gyara mata yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Haka, Tokie. Haka kike riƙewa. Ja layi kawai."

Ta saki. Alƙalamin ya faɗi ya gangara a kan takarda.

Ya sake ɗauka. Ya zagaya bayanta ya kama hannunta cikin nasa mai bandeji, ya danna a kan takarda. Ta ƙanƙame jiki. Ya ja da ƙarfi, takardar ta yage. Ya jawo wata.

"Ke kika koya wa rabin yaran unguwa! Layi ɗaya! Ɗaya tak! Kin san inda za su kai ki? Kin sani? Rubuta mana, don Allah, rubuta!"

Gwiwar hannunta ta bugi dutsen, tawada ta malale a tebur ta zubo mata a cinya. Ta dubi baƙin da ke bin atamfarta, ta fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, tana kiran babanta. Turawan suka ajiye wayoyinsu.

"Baba, sake ta," in ji Malama. Ba ta ɗaga murya ba. "Sake mata hannu."

Ya saki. Ya koma mazauninsa ya zauna daɓas, ƙafar mai ciwo a miƙe. Na goge Tokie, na ba ta alewa, kukan ya lafa. Malama ta share teburin. Da ta gama sai ta shimfiɗa sabuwar takarda a gaban Yaya.

"Saura rabin awa," ta ce. "Kai ma ɗalibina ne yau. Ja naka."

"Ni ban zo don kaina ba, Malama."

"Na sani. Amma zaman haka ya fi wuya. Ba hannunka abin yi."

Ina jin kunya ce ta sa ya ɗauka, kunyar ihun da ya yi a ɗakin mutane. Ya kwantar da alƙalamin kamar biro, ya kife hannu a kan tebur, ya ja wani abu mai kama da tsutsar da mota ta taka. Ya sake na biyu, ya fi na farko muni. Hawaye na ɗiga daga haɓarsa a kan takardar, bai share ba.

Yana cikin na uku na ji an ja tsaki.

Tokie ce. Alewa na kumatunta, idonta na kan hannunsa. Ta miƙa hannu ta ɗaka masa duka a gwiwar hannu.

"Kai, wa ya koya maka? Ɗaga hannun nan daga tebur. Tsayar da alƙalamin. Tsintsiya aka ba ka?"

Muryarta ce ta da, sak, mai kaifin nan. Na fi shekara biyu ban ji ta ba. Yaya ya daskare. A hankali ya ɗaga gwiwar hannun, ya tsayar da alƙalamin, ya ja.

"Kada ka yi gudu a ƙarshe. Tsaya tukuna, sannan ka ɗaga." Ta leƙa. "Da dama-dama."

Ya ajiye alƙalamin ya juyo gare ta da jikinsa duka. "Tokie. Ni ne. Genzo ne. Kin gane ni?"

Ta dube shi, ta daɗe. Sai ta juyo gare ni ta rage murya ta ce, "Baiwar Allah, me aka yi wa tsohon nan yake kuka?"

Ya jawo takarda da sauri. Ya kife hannu a tebur da gangan, ya kwantar da alƙalami, ya ja karkataccen layi yana satar kallonta. Tana wasa da takardar alewa. Ya jawo wata. Ya riƙe alƙalamin a dunƙule, ya riƙe ta wutsiya, ya ja daga dama zuwa hagu. "Duba, Tokie, daidai ne haka? Duba mana." Lokaci ya cika, Turawan suka yi sallama a hankali suka fita. Malama ba ta ce mu tashi ba, sai ma ta ƙaro takardu ta ajiye a gefensa. Ya cinye su duka. Tokie ta jingina da kafaɗata ta yi barci.

A tashar mota ya kira Naoyuki. Ina jin muryar yaron daga inda nake.

"Kuna ina? Kumano? Baba, kun haukace ne kai da Gwaggo?"

"Ta yi magana! Ta gyara mini hannu, ta ce tsintsiya aka ba ni! Tambayi gwaggonka!"

"Ta rubuta wani abu?"

Yaya ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Ta gane ka?"

"Ba ka ji muryarta ba ne. Da ka ji..."

"Baba, na yarda. Wallahi na yarda. Amma ranar ashirin tana nan."

Muka kwana a wani masauki a Kure, washegari muka koma gida. Ranar ashirin Naoyuki ya zo da mota. Yaya bai yi gardama ba. Shi ya haɗa mata kaya da kansa, kuma da aka ce a rubuta sunanta a kan kowace riga, ni ya miƙa wa alƙalamin. Tokie ta shiga motar da murna, ta ɗauka gida za a kai ta.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Kullum ƙarfe biyu nake zuwa da ƙaramar motata in kai shi kan tudu, da jakar takardu da tawadar kwalba. Ma'aikatan sun ba shi tebur a kusurwar zaure. A turo ta a keke a ajiye kusa da shi, shi kuma ya yi ta jan layi har ƙarfe huɗu. A cikin watannin nan sau biyu ta ƙara gyara masa. Na farko ta ce masa tawadar ta yi ruwa. Na biyu ba ta ce komai ba, ta dai ɗago masa gwiwar hannu da yatsa ɗaya. Kowanne sai da ya kira Osaka ya ba da labari.

Wajen kaka ya shigo mota ransa a ɓace. Na tambaye shi lafiya. Ya ce wata ma'aikaciya ta yaba rubutunsa, har ta roƙe shi ya rubuta musu sanarwar bikin tsofaffi.

"To ai abin farin ciki ne."

"Farin cikin me? Hannun banza, ya fara iyawa. Ko na so in ɓata sai ya miƙe da kansa. In ya yi kyau me za ta gyara?"

Tun daga ranar ya koma rubutu da hagu.

A watan Janairu mura ta shiga gidan, aka hana baƙi shiga har mako uku. Duk da haka sai da na riƙa kai shi. Ɗakinta a ƙasa yake, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Yakan tsaya a waje cikin sanyi, ya ɗora takarda a kan gilashin ya ja layinsa, ko da labule a rufe yake. Sau biyu mai gadi yana fitowa ya roƙe shi ya koma mota.

Da aka buɗe ƙofa muka tarar murar ta kama ta ita ma, ta rame ƙwarai. Ba ta iya zaman keke yanzu, kuma idonta a rufe ya fi yawa. Ma'aikatan sun ce tawada za ta ɓata zanen gado, sai ya yi musu alkawarin shimfiɗa leda. Ya samo wani ɗan katako yana ɗorawa a cinya, ya matso da kujera daf da fuskarta, yadda in ta buɗe ido hannunsa za ta fara gani. Jiya ta buɗe sau ɗaya, wajen ƙarfe uku da rabi, ta kalli silin ta mayar ta rufe. A hanyar gida ya ce in tsaya a kantin littattafai, takardunsa sun kusa ƙarewa.